Kafin Ka Sayi Na'urar Tace Wuta, Auna Wutar Gidanka

Shagon mai gyaran rediyo a Sabon Garin Kano ko a gefen babbar kasuwar Kaduna yana da wani ƙauri da hanci ba ya mantawa, ƙaurin taransifomar da ta ƙone. A kan kanta za ka ga amfilifayoyi jibge, Sansui, Pioneer, Technics, Kenwood, wasu ƙirar shekarun 1970, masu fuskar azurfa da allura mai rawa. Da yawansu sun yi shekaru suna aiki lafiya a ɗakunan Jamus da Holan kafin a loda su a kwantena, su sauka Legas ko Kwatano, su biyo mota zuwa Arewa. Ba tsufa ne ya kashe su ba. Wuta ce.

Masu sha'awar sauti mai kyau ba su ƙare ba a ƙasar Hausa. Akwai dattijon da har gobe yake riƙe da faifan garmaho na Mamman Shata, akwai matashin da ya tara kuɗi ya sayi lasifika biyu na gaske don ya ji kuntigin Ɗan Maraya Jos kamar a gabansa ake kaɗawa, akwai mai son ƙira'ar Abdulbasit ta cika falo ba tare da ƙara ko shuu ba. Irin waɗannan mutane ne yanzu tallace-tallace ke bi da wata na'ura da 'yan kasuwa ke kira fawa kwandishina, wato akwatin da ake sa wa tsakanin soket ɗin bango da kayan sauti don ya tace wutar. Kamfanoni irin su Furman, AudioQuest da PS Audio na Amurka, da IsoTek na Ingila, suna ƙera su, daga na dala ɗari da 'yan kai har waɗanda suka haura dala 5,000. Alkawarin da ake yi shi ne sauti zai ƙara fita tas, ganga ta ƙara nauyi, shiru ya ƙara zama shiru.

Abin lura shi ne an ƙera yawancin waɗannan akwatuna ne don mutanen da wutarsu ke tsaye cak dare da rana, damuwarsu kawai ɗan ƙurar da ke hawa kanta. Mu a nan, ana ta kai wa yake ta kaya?

Wutar da ke cikin bango

A takarda, wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. A Nijar 220 ake rubutawa. Ma'aunin ƙasa da ƙasa ya yarda ta hau ko ta sauka da kashi 10 cikin ɗari, wato ga mai 230 tsakanin 207 da 253, kuma a kan wannan iyaka masu ƙera kayan sauti suke lissafi. Wanda ke zaune a unguwa mai cunkoso ya san labarin ba haka yake ba. Da magariba, lokacin da kowane gida ya kunna fanka da firji da talabijin, sai ka ga ƙwan fitila ya yi ja, fanka tana juyi da ƙyar. Taransifomar unguwa ɗaya ce, an sa ta don gidaje kaɗan, unguwa ta ninka ta ninka, wayoyin da suka ɗauko wutar sirara ne kuma tafiyar da nisa. Ƙara da mai walda a bakin titi, da injin niƙa, da famfon rijiyar burtsatse da ke fizgar wuta duk lokacin da ya tashi. Can tsakar dare kuma, idan kowa ya kashe kayansa, wutar ta yi sama.

Tun da aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013, KEDCO ke riƙe da Kano, Katsina da Jigawa, kamfanin Kaduna kuma da Kaduna, Zamfara, Sakkwato da Kabi. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, bisa sharaɗin za su riƙa samun wuta awa 20 a rana. Wannan alkawari ne na yawan awoyi. Mutum zai iya samun awa ashirin cur, amma wutar da ke shigo masa ba ta kai ta tayar da firji yadda ya kamata ba, idan gidansa na ƙarshen layi ne.

Saboda haka abu na farko da za a saya ba na'urar tace wuta ba ce. Ƙaramar mita ce ta auna ƙarfin wuta, irin wadda ake cusawa a soket tana nuna lamba da jan haske, kuɗinta bai kai na cin abincin rana biyu ba. A bar ta a soket ɗin da kayan sautin suke na mako guda ko biyu, a riƙa rubuta abin da ta nuna da asuba, da rana, da magariba, da tsakar dare, a auna na janareta daban, na inbata daban. Takardar nan ita za ta faɗi abin da ya kamata a saya, ba mai shago ba.

Me sauyin wuta ke yi wa amfilifaya? Tsofaffin, masu nauyi, masu babbar taransifoma a ciki, suna bin wutar bango ne sau da ƙafa. Idan ta ragu da kashi 10, ƙarfin da amfilifayar za ta iya bai wa lasifika yana raguwa da kusan kashi 19, sai mutum ya ƙara murɗa sauti, sautin ya fara tsagewa, kuma tsagewar nan ce ke ƙone ƙaramar lasifikar sama mai fitar da siririyar murya. Idan kuma wutar ta yi yawa, taransifomar ta ɗauki zafi tana gurnani, kafasitoci su kumbura. Masu amfilifayar kwalba sun fi kowa shan wahala, domin zaren da ke ɗumama yawancin kwalaben bolt 6.3 yake so, abin da ya haura haka yana rage musu kwana. Sababbin kaya marasa nauyi, waɗanda aka rubuta wa 100–240V a baya, ba ruwansu da wannan hawa da sauka matuƙar ba a fita iyakar ba. Mai irin waɗannan ya huta da rabin matsalar.

Akwai kuma babbar musiba, wadda ke cika shagunan gyara a yini ɗaya: tsinkewar wayar nutural. Wutar unguwa layi uku ce, tsakanin kowane layi da nutural 230, amma tsakanin layi da layi kusan 400. Idan nutural ta tsinke a taransifoma ko a kan turke, ko ɓarayin waya suka yanke ta, wasu gidaje wutarsu ta faɗi ƙasa, wasu kuma ta tashi ta doshi 400. Ƙwai su yi haske fiye da kima su fashe, caja ta yi hayaƙi. Akwatin da aikinsa tacewa ne kawai ba ya tare wannan. Yakan ƙone ne tare da abin da aka ba shi tsaro.

Akwatuna da yawa, suna ɗaya

Ruɗanin kasuwa ya samo asali ne daga yadda ake kiran na'urori daban-daban da suna guda. Mafi arha shi ne dogon soket mai kariyar fizgar wuta. Idan ka buɗe shi za ka ga wani ɗan faifai shuɗi mai ƙafa biyu, bai fi girman kwabo ba. Sunansa MOV. Yana zaune shiru har sai wuta ta yi tsalle na ƙiftawar ido, kamar lokacin tsawa ko lokacin da babban inji ya mutu, sai ya shanye tsallen. Kowane duka yana rage masa ƙarfi, kuma ba ya sanarwa idan ya gaji. Soket ɗin zai ci gaba da ba da wuta alhali kariya ta ƙare. An yi shi ne don bugu na ɗan lokaci. Wutar da ta hau 300 ta zauna minti biyar dafa shi take yi.

Sai matata ta ainihi, mai naɗin waya da kafasitoci, wadda ke rage ƙazantar da caja, ƙwan LED, kwamfuta da inbata ke zubawa a layi. Ba ta ƙara bolt ko ɗaya, ba ta rage ko ɗaya: 170 ta shiga, 170 za ta fita. Yawancin akwatunan da mujallun waje ke yabo wannan ne aikinsu, haɗe da kariyar MOV ko wadda ta fi ta. Wasu, kamar na Furman da dama, suna da ƙarin dabarar yanke wuta idan ta wuce kima, kuma a wurinmu wannan ƙarin ya fi tacewar kanta daraja.

A can ƙololuwa akwai masu sake haifar wuta, irin Power Plant na PS Audio. Suna karɓar wutar bango su mayar da ita irin ta batir, sannan su sake ƙera sabuwa mai tsabta. Aiki ne na gaske, amma suna da tsada, suna fitar da zafi, kuma su ma suna da iyakar wutar da za su karɓa. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga babu mai gyaransu a kusa, sai mutum ya yi tunani sau biyu. UPS irin wanda ake kira onlayin, na ofisoshi da asibitoci, kusan aikin nan yake yi a kuɗi kaɗan, illarsa ƙarar fanka. Maganinta a ajiye shi a wani ɗaki a jawo waya.

Ga yawancin gidajenmu dai, maganar tana komawa kan abubuwa biyu da kowa ya sani: mai gadin wuta da sitabilaiza.

Mai gadin wuta shi ne ɗan akwatin nan da ake sa wa firji ko talabijin, irin AVS na kamfanin Sollatek da makamantansa, ko wanda mai wayarin ke ɗaurawa a allon fis na gida mai nuna lamba, ana saita masa iyakar sama da ta ƙasa. Ba ya gyara wuta. Idan ta fita iyaka ya yanke, idan ta dawo ya jira ɗan lokaci ya tabbatar ta zauna kafin ya sake ta. Jiran nan yana da muhimmanci, domin sa'ad da aka dawo da wuta ne aka fi yin ɓarna, musamman irin kawowar nan ta a kawo a ɗauke a sake kawowa cikin minti ɗaya. A ganina, duk wanda ke da kayan sauti na kuɗi kuma ba shi da wannan, bai kamata ya yi zancen wata matata ba tukuna.

Sitabilaiza kuwa iri biyu ce a kasuwa. Mai rile ita ce ta gama-gari, wadda ake jin tana ƙas-ƙas idan wuta na rawa. Tana gyara wuta ne mataki-mataki, don haka abin da take fitarwa yana iya kaucewa da kusan kashi 10, kuma kowane ƙas na iya fitowa ta lasifika. Ta biyun, mai sabo (servo), ta fi dacewa da kayan sauti. Cikinta akwai naɗin tagulla mai siffar zobe, da ƙaramin moto da ke jan wani hannu mai bakin gawayi a kan naɗin. Wuta ta sauka, ka ji zuuu, hannun ya matsa, lamba ta koma daidai. Tana riƙe wuta kusa da inda ake so, ba tsalle. Amma tana da wani hali da ya kamata a sani. A ce wuta na 150, hannun ya je can ƙarshe yana ɗaga ta zuwa 230, sai aka ɗauke. Bayan awa biyu aka dawo da ita da ƙarfinta, 240. Hannun yana nan inda ya tsaya, don haka kafin moto ya jawo shi baya, abin da ke fita zai haura 360. Sitabilaiza mai sabo da ba ta da jinkirin sakin wuta haɗari ce. A tabbatar tana da shi, kuma kada a danna maɓallin da ke tsallake jinkirin don gaggawar jin waƙa.

Wajen girma ma ana yawan faɗawa rami. Lambar da aka rubuta a gaban sitabilaiza, 2000VA misali, tana aiki ne idan wutar da ke shiga ta kusa cika. Idan ta sauka zuwa 140, abin da za ta iya ɗauka bai fi 1,200 ba. Sannan a duba abin da amfilifaya ke ci a jikin lambar da ke bayanta kusa da wayar wuta, ba manyan lambobin da ake bugawa a kwali ba, irin 5000W PMPO, waɗanda ba su da ma'ana. Amfilifaya mai ba da wat 100 kowane ɓangare tana iya jan wat 300 zuwa 500 idan an buɗe ta. Na'urar CD da ta garmaho ba sa cin abin kirki. A tara duka, a ninka sau biyu ko uku, a sayi wannan. Kuma kada a haɗa firji ko dutsen guga a kanta.

Gurnani da shuu

Mutane da yawa suna neman matata ne saboda wata ƙara da ke damunsu, kuma sau tari matata ba za ta taɓa ta ba. Idan gurnani ne mai kauri, huuum, da ke fita ta lasifika ko ba a sa waƙa ba, a fara zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Mai laifin da aka fi kamawa ita ce wayar dish da ta shigo dikoda, dikoda ta haɗu da talabijin, talabijin ta haɗu da amfilifaya. An samu hanyoyin ƙasa biyu da ba su daidaita ba, wuta kaɗan tana zagayawa ta wayar sauti. Da an zare wayar dish gurnanin ya ɗauke, an gano. Magani shi ne a ɗauko sauti daga talabijin ta wayar haske, wadda babu ƙarfe a cikinta, ko a sa ɗan abin raba ƙasa a wayar dish. Mai garmaho kuma ya duba siririyar wayar nan da ake ɗaurewa a dunƙulen bayan amfilifaya. Abin da ba a yi shi ne karya dogon haƙorin fulogi na uku. Gurnani na iya tafiya, amma ranar da waya ta taɓa jikin ƙarfe, ta jikin mai taɓawa wutar za ta bi.

Wannan ya kawo mu ga wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira atin. Gidaje da yawa soket ɗinsu rami uku ne amma na ukun babu komai a bayansa. Wasu an binne sandar, an zuba gawayi da gishiri kamar yadda aka saba, amma gishirin ya cinye ƙarfen shekaru da suka wuce, ko ƙasar ta bushe ƙayau da rani. Matata da MOV duk suna bukatar wannan hanya don zubar da wani kaso na abin da suka tare. Kuɗin kiran mai wayarin da ya san aikinsa ya auna atin, ya sake binne sandar tagulla, ya jawo layi na musamman daga allon fis zuwa inda kayan sauti suke, bai kai kuɗin matsakaiciyar matata ba, kuma ya fi ta amfani nesa ba kusa ba.

Idan kuwa ƙarar siririya ce, tsiii ko shuu, tana zuwa tana tafiya, to nan ne matata ke da aiki. Gwajin yana hannun duk wanda ya saba kama BBC ko DW a gajeren zango. A ɗauki ƙaramar rediyo mai batir, a kai ta inda babu tasha, a zagaya gida da ita. Kusa da cajar waya mai arha ko ƙwan LED mara kyau za ta fara ihu. Sau da yawa cire wannan cajar ko canza ƙwan ya wadatar. Idan inbata ce ke kawo ƙarar, matsakaiciyar matata za ta taimaka.

Masu sola su lura da abu biyu. Inbata mai fitar da wuta mai santsi, wadda ake rubuta wa pure sine wave, ita ce kawai ta dace da kayan sauti. Ɗaya irin mai arha tana sa taransifoma kuka da zafi. Na biyu, yawancin inbatoci idan akwai wutar Nepa wuce da ita suke yi kai tsaye, yadda ta zo haka za ta isa soket. A cikin saitin da yawa daga cikinsu akwai zaɓi tsakanin karɓar wuta daga 90 zuwa 280 ko daga 170 zuwa 280, akwai kuma zaɓin fifita sola da batir a kan wutar layi. Wanda ya gyara waɗannan saituna ya samu kusan abin da mai dala dubbai ke saya. Ƙaramin janareta kuwa, mai shan fetur gauraye da baƙin mai, a nisanta shi da amfilifaya. Injin sai ya yi juyi 3,000 a minti kafin ya ba da 50Hz, kuma da firji ya tashi ko mai ya kusa ƙarewa sai juyin ya rikice, wutar ta bi shi.

To, bayan an yi duk wannan, akwatin dala dubu zai ƙara wa sauti daɗi? Kowace amfilifaya da ma tana mayar da wutar bango irin ta batir a cikinta, tana tace ta da manyan kafasitoci kafin ta kai ga sauti. Idan ƙirar mai kyau ce kuma babu wata ƙara da kunne ke ji, abin da matatar waje za ta ƙara kaɗan ne, wani lokaci babu. Matata mara kyau ma tana iya shaƙe babbar amfilifaya lokacin da kalangu ya sauka da ƙarfi tana neman wuta nan take, shi ya sa masu tsadar suke ware mata nata ramukan. Wanda yake shakka ya roƙi mai shago aron kwana biyu, ya sa ƙaninsa ya riƙa canza fulogi a bayan kanta ba tare da ya gaya masa wanne ne a ciki ba. Idan ya kasa bambancewa, ya mayar. Falo mai tayil da bango tsirara da fankar sama tana kaɗawa ya fi kowace ƙazantar wuta ɓata sauti, kuma kafet da labule masu kauri sun fi arha.

A bakin kanta

Kayan hannu da ke fitowa daga kasuwar Alaba ta Legas suna da tarko guda. Matatar da aka yi don Amurka ta bolt 120 ce, MOV ɗin cikinta an zaɓe shi don wannan wutar, da an cusa ta a 230 sai tartsatsi da hayaƙi. Ana ganewa da ramukanta masu tsaga biyu a tsaye da rubutun 120V 60Hz a baya. Kayan Japan na cikin gida 100 ne. Taransifomar rage wuta tana gyara bolt amma ba ta canza 50 zuwa 60, don haka garmahon Amurka mai moton da ke bin bugun layi zai juya a hankali da kashi ɗaya cikin shida, muryar Shata ta koma ta wani daban. Tsofaffin kayan Turai kuma da yawa 220 aka yi su. Idan akwai maɓallin zaɓi a baya, a kai shi 240.

Sitabilaiza a ɗaga ta a ji nauyinta, domin naɗin tagulla ya fi na alminiyam nauyi kuma ya fi jure zafi. A sa mai shago ya haɗa ta a gabanka, a auna abin da take fitarwa da mitarka, ba da lambar fuskarta ba, don akwai masu nuna 220 ko me ke fita. A kashe a kunna a ga ko jinkirin yana aiki. A duba ramukanta su dace da fulogin gida mai haƙori uku, kada a koma cusa fulogin Turai da tsinken ashana. A karɓi rasit da sharaɗin canji a rubuce.

A gida, jerin shi ne mai gadi daga bango, sitabilaiza a bayansa idan takardar awonka ta nuna ana bukatarta, sannan matata idan har akwai sauran ƙara. Idan wutar unguwarku tana yawan sauka ƙasa da iyakar mai gadin, a sassauta masa iyakar ƙasa ya bar wa sitabilaiza aikinta, ya tsare ta sama kawai. Amfilifaya ita ce ta ƙarshen kunnawa, ta farkon kashewa. Da damina kuwa, idan hadari ya haɗo ana walƙiya, babu akwatin da aka ƙera da zai tare tsawar da ta sauka kusa, sai a zare fulogi daga bango, a zare wayar dish da ta eriya tare da shi.